Garma Marar Shaida

Ku ajiye wayar wutar nan da ƙwan lantarkin nan, ku samu wuri ku zauna. Na ji abin da kuke cewa, kunnena na hagu ne kawai guduma ta cinye, na dama yana nan. Wai tsoho yana zaune cikin duhu kamar jemage, bari a taimaka masa da haske. Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma duk wanda ya rataya min ƙwai a maƙerar nan, da awartaki zan sauke shi, shi da ƙwan nasa.

Ku masu walda kun ɗauka ƙira duka ce kawai: a sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, a jibge shi. Jiya ma ina jin ɗayanku yana cewa ko jaki aka ba guduma zai yi. To ku kawo jakin, ga guduma nan. Ni na shekara ashirin a bakin wuta kafin in gane ban san dalilin duhun da nake zaune a ciki ba, kuma ranar da na gane, sai da na rasa abin da ya fi komai daraja a maƙerata.

Aikin farko da aka ba ni a garinmu Jugu shi ne tsince gawayi. Mahaifina fataucin goro yake yi, ya gwada ni a rumfa ya ga goron da nake ci ya fi wanda nake sayarwa, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin dangin uwata, waɗanda maƙera ne tun kaka da kakanni. Ya danƙa ni ga Kawu Mamman ya ce, "Ga shi nan, ƙarfe dai ba ya taunuwa." Kawu ya zube min buhun gawayi ya ce in ware na ƙirya daban, sauran tarkacen daban. Da ido duk baƙi ne. Sai ka jefa shi a ƙasa ka saurara: na ƙirya yana ƙara kamar ƙarfe, sauran kuma bus kake ji. Wata uku ina jefa gawayi a ƙasa, har maƙwabta suka fara yi wa uwata jaje.

Daga nan aka sa ni zuga. Zuga-zugin Kawu na fatar akuya ne guda biyu, hannun dama ya sauka, na hagu ya tashi, kuma iskar ba ta yankewa ko hancinka na ƙaiƙayi. Kawu ba ya koyarwa da baki. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ƙotar gatari ta sauka a ƙeyarka, kai kuma ka je ka nemo wane kuskure ne. Abu ɗaya kawai ya taɓa buɗe baki ya gaya min, shi ma don ya gaji da dukan ne. Ranar yana shayar da garma, wato tsoma bakinta a ruwa bayan ta sha wuta don ta yi ƙarfi. Ya ciro jan goro daga aljihu ya nuna min, ya ce, "Ka ga launin nan kafin a tauna shi? Shi ake tsomawa. In ƙarfe ya koma launin goron da aka tauna aka tofar, ka wuce wuri, gilashi za ka yi wa mutane." Sai ya jefa goron a baki, karatu ya ƙare.

Maƙerar Kawu duhu ne da ita kamar cikin rumbu. Bango uku na ƙasa, jinka ta sauko har kafaɗa, ƙofa kuma an rataya mata zana. Na taɓa tambayarsa me zai hana a huda taga, hayaƙi ya samu hanya. Ya ce uwar maƙera, ƙarfen nan da ake duka a kai, ba ta son kallo, masu ita suna kwance a gindinta. Na gane aljanu yake nufi, na kama bakina. A raina kuwa na ce tsohon nan rowar katakon taga ce ke damunsa.

Akwai wani madoshi da ke rataye a wuyan Kawu, tsawonsa bai wuce yatsa ba. A bakinsa an sassaƙa ƙafar kaza. Duk garmar da ta fita daga gidanmu, tun tana da zafi ake ɗora mata shi a doka sau ɗaya. Manomi daga nesa zai zo kasuwar Jugu, ya juya garma, in ya ga ƙafar kaza ba ya ƙara tambaya. Madoshin biyu ne tak, kakan Kawu ne ya ƙera su. Ranar da zan bar Jugu, bayan shekara goma sha ɗaya, ya ciro na biyun daga cikin tukunya ya riƙe shi a gaban hancina.

"Garba, wannan aro ne. Kai ɗan mace ne a gidan nan, ba gadonka ba ne. Ranar da garma mai ƙafar kaza ta karye a hannun manomi saboda sakacinka, ko a ƙarshen duniya kake zan zo in karɓa."

Na ce, "Kawu, ai ba za a yi haka ba."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Da na sauka nan garin Paraku, unguwar Titirun nan da kuke tsere da babura a cikinta daji ce. Gidaje ba su kai yatsun hannu biyu ba, kuma in akuyarka ta wuce bishiyar mangwaron can, sai ka yi mata addu'a. Cikin gari akwai maƙera, amma nan bakin gonaki babu ko ɗaya, manomi sai ya kashe wuni kafin a gyara masa lauje. Shi ya sa na kafa a nan. Na samo guntun ƙarfen layin dogo wurin masu tsofaffin ƙarafa a Gar, wato tashar jirgin ƙasa da manyan motoci, na kafa shi a kututture, ya zama uwar maƙerata. A Gar ɗin nan na haɗu da Sambo, wani Bazabarme da ya girme ni, ɗan dako ne har bayansa ya ƙi. Ya ce zama yake nema, na ce zuga ai zama ce. Muka gina maƙera irin ta Kawu sak, bango uku da jinka da zana, don ban san wata iri ba.

Garmar farko da na ƙera a nan, wani manomin doya ne mai suna Biyo ya saya, ɗan ƙabilar Bariba ne daga ƙauyen da ke bayan rafi. Washegari ya dawo da ita ya ajiye a gabana. Ya ce ƙarfen ya yi, amma wanda ya lanƙwasa wuyanta bai taɓa tara ƙasa ba. Na hau shi da bayani, ni ɗan gidan ƙafar kaza. Ya ja ni har gonarsa, ya miƙo min ita ya ce in yi masa tulin doya guda biyar, wato tudun ƙasar da ake dasa doya a ciki. A na uku ƙuguna ya riƙe. Ashe ƙasar nan ta fi ta Jugu nauyi, mutanenta kuma tsakanin ƙafafu suke jawo ta, saboda haka wuyan garma yana son ƙarin lanƙwasa kamar faɗin yatsa biyu. Na koma na gyara. Kafin shekara ta zagayo, duk ƙauyukan bayan rafi ƙafar kaza suke riƙe da ita. Ku riƙe wannan: manomi bai san wuta ba, amma in ya ce garma ba ta yi ba, ba ta yi ba.

Ƙarfen da nake aiki da shi lam ne, faifan nan da ke ɗauke da nauyin manyan motoci. In ya karye direbobin Gar su yar, mu kuma mu tsinta. A yanka shi da zafi, a buɗa shi da babbar guduma, Sambo na duka ina juyawa, har ya yi faɗin tafi biyu. A fitar da wuya, a fitar da baki, a doka shaida, sannan a shayar. Bayan ta huce akwai gwaji: ga kututturen ƙirya can a ƙofa, sara uku da iya ƙarfinka. Wadda ta tsira ta tafi kasuwa, wadda ta tsage ta koma wuta.

Sarautar unguwa kuma ba nemanta na yi ba, zama ne ya jawo min. Mai jiran gatari yana zaune, mai jiran lauje yana zaune, kuma mutum biyu ba sa zama a Titiru ba su tuna akuyar wani ta ci rogon wani ba. Ni kuma ina riƙe da jan ƙarfe, kowa na jin maganata. Da unguwa ta fara cika, ni na ja igiya aka fitar da hanyar da ta bi ta gaban masallaci, ni na ƙera digar da aka haƙa rijiyar farko, ni na je na roƙi manoma suka bar mana filin maƙabarta. Da hukuma ta ce kowace unguwa ta fitar da delege, wato mai unguwa, aka taru aka ce Garba Maƙeri, tunda dama shi ke yi kyauta. Aka ba ni tambarin roba da wata jakar fata. Na ɗinka babbar riga mai aska takwas, na koyi cewa "bon", wato "to" na masu Faransanci, kafin in fara magana.

Abin da ya ɓata lamarin, wani ma'aikaci ne da aka aiko daga ofishin gari, da farar taguwa da takarda a hammata. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ina biro ɗin delege?" wato ofishinsa. Aka nuna masa zana. Ya sunkuya ya shigo, goshinsa ya gaisa da azara, ya yi baya ya zauna a kan buhun gawayi. Da ya fita, taguwar nan ta zama kamar an goge tukunya da ita. Ya ce da Faransanci, Sambo ya fassara min, wai ko a zamanin kakansa ba a karɓar baƙon hukuma a cikin rami.

Maganar ta ci ni. Cikin sati biyu na rushe bango ɗaya, na huda manyan tagogi biyu a sauran, na yaye jinka na sa kwano. Wani mai motoci da na taɓa raba shi faɗa da surukinsa ya kawo min kwanon roba guda biyu, irin mai shigo da rana, aka sa su daidai saman wuta. Na shafe bango da farar ƙasa. Maƙera ta yi fes, allura in ta faɗi sai ka gan ta. Sambo ya daɗe yana kallon sama, ya ce, "Garba, masu wurin fa?" Na ce masu wurin su sayi tabarau.

Wannan ya faru ne dab da ƙarshen damina, lokacin da ake tulin doya. Ku 'yan birni ba ku san abin da wannan ke nufi ba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa na da sauran laima, kwanaki ƙalilan ne. Wanda ya tara ƙasarsa a cikinsu ya ci doya baɗi, wanda ya makara ƙasa ta daskare masa kamar siminti. A lokacin ne kowa ke sabunta garma. Na ƙera su da yawa a sabuwar maƙerata, ina aiki ina karɓar gaisuwa ta taga. In ga ƙarfe ya yi jan goro, in tsoma, in jefa gefe. Gwajin kututture kuwa na bar shi, saboda delege ba ya tsayawa a bakin hanya yana saran itace kamar mai neman na tuwo, ga taro ana jira. Garemanin sun yi kyau, sun yi kaifi, kowace da ƙafar kazarta.

Kwana huɗu aka dawo da ta farko, baki ya ɓalle kamar an karya faranti. Na ce dutse ta sara. Aka kawo ta biyu, na ce mai ita ne ba shi da hannu. Da aka kawo ta bakwai na ɗauki sabuwa na nufi kututture. Sara ɗaya, rabinta ya yi tsalle ya faɗa gidan maƙwabci.

Babu abin da ban zarga ba. Na ce lam ɗin ne, na sake lam. Na ce gawayin ne, na zauna da girmana ina jefa shi a ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi a Jugu. Na ce ruwan ne, na zubar na ɗebo na rijiyar masallaci. Sambo ya ce masu wurin ne suka yi fushi, na yanka jan zakara a kan ƙarfen dogo a ɓoye, muka cinye naman, garma ta karye. Na fara zargin maƙeran cikin gari da yi min asiri. Kowa na zarga, ban da mutumin da ya sa kwanon roba.

Ranar Alhamis bayan la'asar nake sauraron ƙararraki. Ina zaune a kujera cikin babbar riga, na gama da rigimar wata kwata da ke bi ta ƙofar gidan wani, sai ga Biyo da mutum tara a bayansa, ɗauke da buhu. Suka gaishe ni gaisuwar delege, har da durƙuso, wanda Biyo bai taɓa yi min ba. Ya zazzage buhun a gabana. Ƙarar fasassun ƙarafan nan har yau tana kunnena, na daman.

Ya ce, "Delege, ƙara muka kawo."

Na ce, "Bon. Ƙarar wa?"

"Wani maƙeri ne a unguwarka. Ya sayar mana da wannan. Ƙasa tana bushewa, gonakinmu ko rabi ba a tara ba."

Jama'a sun cika wurin, har masu tallan ƙosai sun sauke tire. Na ce, "Shi maƙerin an neme shi?"

Biyo ya ce, "Mun je wurinsa sau uku. Kullum sai a ce mana ya tafi taro. Shi ya sa muka ce bari mu zo wurinka, kai kullum ana samunka."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, aka ce masa ya yi shiru. Ni kuwa gumi ya jiƙa min aska takwas ɗin nan tun daga wuya. Da wani maƙerin ne, na san hukuncin da zan yanke ba tare da na yi tunani ba, kuma kowa a wurin ya san na sani. Na ce, "Maƙerin nan bai kyauta ba. Zai sake wa kowa garmarsa. Kuma zai je gonar Biyo da kansa ya tara ƙasa, har a gama." Biyo ya ce, "Delege ya yi adalci. Allah ya sa maƙerin ya ji." Suka tafi suka bar min buhun.

Hukunci ya yanku, amma wanda aka yanke wa ba shi da garma ko ɗaya da za ta tsira daga kututture, kuma bai san dalili ba.

Washegari da hantsi ina tsugune gaban wuta, sai na ga inuwa ta tsaya a ɗaya daga cikin tagogina. Kawu Mamman ne. Ya tsufa, ya rame, amma ƙotar gatarin nan ce sandarsa. Wani direba ya tsinci ɓallin garma mai ƙafar kaza ya kai masa har Jugu, wai ko zai so ya gani. Ya shigo bai amsa sannu da zuwa ba. Ya dubi farin bango, ya dubi tagogi, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon roba.

"Nan maƙera ce ko asibiti?"

Na fara ba shi labarin lam da gawayi da maƙiya. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sa ɗaya a wuta in gani."

Sambo ya zuga. Na juya garma, na juya, har na ga bakinta ya yi jan goro daidai yadda aka koya min. Na ciro zan tsoma.

"Tsaya."

Babbar rigata tana rataye a ƙusa. Kawu ya fizgo ta, ya yafa mana ita a ka mu biyu, ya buɗa ta da hannuwa kamar laima, garmar tana tsakaninmu a bakin awartaki. Cikin inuwar rigar nan na dubi ƙarfen da na rantse jan goro ne. Ruwan goro ne tsantsa, har yana neman komawa ruwan ƙwai. Ya yaye rigar, ƙarfe ya koma ja. Ya sake yafawa, ya koma ruwan goro. Sau uku ya yi min haka, kamar mai wasa da jariri. Hasken rana ne ke shanye hasken ƙarfen, ni kuma ina ta ƙara masa wuta don ya kai launin da idona ya saba gani a duhu. Duk garmar da na shayar a wurin nan, sai da na ƙona ta tukuna. A yafawa ta uku gefen rigar ya taɓa ƙarfe, aska biyu daga cikin takwas suka tafi.

Na ce, "Kawu, shekara goma sha ɗaya ina gabanka. Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Na gaya maka ba ta son kallo."

"Ai aljanu ka ce."

"Da na ce maka idonka ne, da ka yi min gardama, na san ka. Aljani kuwa ba ka da bakin yi masa." Ya miƙo tafin hannu. "Kawo."

Na san abin da yake nufi. Na buɗe jakar fatar nan, hannuna ya rikice, na ɗora masa tambarin roba. Ya dube shi ya miƙo min. "Riƙe abinka, wannan ko ka buga a kan ƙarya ba ya karyewa. Ɗayan."

Na ba shi. Na roƙe shi, ba zan ɓoye muku ba, da gemuna da sarautata na durƙusa a cikin toka. Na ce kuskuren haske ne, yanzu na gane. Ya ce batun haske ya yafe min, don shi kansa da laifinsa a ciki. Ya nuna kututturen da ke ƙofa, wanda ciyawa ta fara fitowa a gindinsa. "Wancan fa? Shi ma aljanu ne suka hana ka?" Ya rataya madoshin a wuyansa kusa da ɗan'uwansa. Ko ruwa bai sha ba, ya koma tasha.

A ranar muka hau sama ni da Sambo, muka lulluɓe kwanon roba da laka da tsofaffin buhuna, muka toshe tagogi da gurbin bangon da na rushe da zana. Kwana shida muna ƙira daga asuba zuwa magariba, kowace garma sai ta sha sara uku a bainar jama'a, delege na yi, mata masu zuwa rijiya na ƙirgawa da ƙarfi. Babu wadda ta karye. Babu kuma wadda ta fita da shaida, don babu abin dokawa. Daga nan na tafi gonar Biyo na cika hukunci. Matansa sun yi dariyar tulin da nake yi har da riƙe ciki, suka ce ko ɓera ba zai yarda ya haihu a ciki ba. Duk da haka ba mu cim ma ƙasar ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya daskare kafin mu kai, kuma a shekarar da ta biyo doyar gidan Biyo ta ƙare tun kafin sabuwa ta nuna. Bai taɓa yi min gori ba, ni kuma ban taɓa mantawa ba. Kunyar wannan ta fi ta rigar da ta madoshin.

Sarautar ban ajiye ba, na ƙara shekaru ina yi. Sai dai na mayar da ita gindin mangwaro. Duk mai farar taguwar da ya zo neman biro, benci ake nuna masa a waje, in ina shayar da ƙarfe kuma ya jira.

Kowace Sallah ina zuwa Jugu gaishe da Kawu, in tafi masa da garma ɗaya. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya sara a kututturensa, ya ajiye, sannan ya tambaye ni ya hanya, ya iyali, doya ta yi arha a Paraku? Madoshin nan biyu suna lilo a ƙirjinsa ina kallo. Ban tambaya ba, bai ce ba. A kasuwa kuwa, manoma suka saba. In sun zo su juya garma, in sun ga wuyanta a shafe ba komai, su ce yawwa, ta Garba ce. Sauran maƙera kowa da shaidarsa, mai wata, mai tauraro, mai kifi. Ni kaɗai ne marar shaida, har abin ya zama suna.

Shekara goma sha huɗu a haka, Kawu ya rasu. Bayan addu'ar arba'in 'yarsa Habi ta zo har nan da ƙullin tsumma. Ta ce, "Yaya Garba, Baba ya ce a ba ka. Ya ce in gaya maka tun Sallah ta biyu ka cancanta, amma ya ga rashinsa ya fi gyara maka hannu." Na karɓa. Na shiga ciki na saki zana, na daɗe ban fito ba, kuma ba hayaƙi ne ya sa idona ja ba, ko da yake haka na gaya wa Sambo.

Da lokacin tulin doya ya zo, na ƙera garemani, na doka wa kowace ƙafar kazarta. Kwana biyu sai ga babban ɗan Biyo a guje, da guda uku a hannu.

"Baba Delege, ka yi hankali. Wani yana yin jabu yana cewa naka ne. Aikin ya yi kama sosai, amma ɓarawon ya tona wa kansa asiri, dubi, ya sa wata ƙafar kaza."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Tsofaffin da suka san ƙafar kaza sun mutu ko sun daina noma, yaran kuma marar shaida suka tashi suka gani a hannun iyayensu. Babu wanda ya yarda ya saya. Sai da na mayar da su wuta ɗaya bayan ɗaya na shafe shaidar da guduma, sannan suka tafi.

Kuna tambaya ina madoshin yake. Kun wuce shi da kuka shigo, ɗayanku ma ya yi tuntuɓe da shi. Ga shi can ɗaure a gindin zanan ƙofa, nauyinsa ne ke hana iska ɗagawa rana ta leƙo. Kai mai ƙwan lantarki, tashi ka kama zuga, ga lam can ya fara ɗaukar wuta. Kai kuma mai maganar jaki, saki zanan nan a hankali, ka matso ka gaya min wane launi kake gani.